Mota Mai Maɓallin Tayarwa Ta Ƙi Tashi: Abin da Za Ka Duba, Ɗaya Bayan Ɗaya

Tun da motocin da ba su da ramin makulli suka yawaita a hannun jama'a, tambaya ɗaya ce take ta dawowa: na taka birki, na danna maɓalli, mota ta yi shiru, daga ina zan fara? Abu na farko, ka cire zargi daga kan maɓallin. Da wuya ya lalace. Shi ɗan aike ne kawai, saƙo yake kai wa kwamfutar mota, ita kuma ba ta ba da izini sai ta tabbatar da abu biyar: rimot yana cikin mota, an taka birki, giya tana kan P ko N, sitiyari ya saki, kuma batir yana da wutar da za ta juya inji. Ɗaya ya ɓace, ba za ta tashi ba. Aikinka shi ne gano wanda ya ɓace, kana farawa da abin da ba ya cin ko sisi.

Kayan da ya kamata su zauna a mota: sabon batirin rimot, ƙaramin sukudireba mai faɗin baki, sifana lamba 10, mitar awon wuta, wayoyin jona batir masu kauri, 'yan fiyus na ajiya, da tocila.

1. Saurara tukuna

Kashe rediyo da na'urar sanyi, sauke gilashi, taka birki, danna sau ɗaya. Abin da ka ji da abin da ka gani a dashbod su ne za su nuna maka hanya.

Idan komai ya mutu, ko fitilar rufi ba ta kawo, wuce kai tsaye mataki na 4. Haka ma idan ka ji "kat-kat-kat" da sauri, fitilun dashbod suna kyaftawa. Idan dashbod ya kawo sosai amma ba wani motsi, kamar rediyo kawai ka kunna, matsalar tana wajen birki ko giya, mataki na 2 da na 5. Idan hoton makulli ya fito ko rubutun cewa ba a ga makulli ba, mataki na 3. Ƙara ɗaya tak mai nauyi, "kas", sannan shiru, wannan na mataki na 7 ne. Inji yana juyawa lafiya amma ya ƙi kamawa, mataki na 8.

Masu Toyota da Lexus irin su Camry ta 2007 zuwa 2011 suna da ƙarin alama, 'yar fitilar da ke jikin maɓallin. Ka taka birki ta zama kore, mota ta yarda da rimot da birki duka. Kore mai kyaftawa, sitiyari ne ya ƙi saki. Ruwan lemo mai kyaftawa, akwai matsala a tsarin kansa.

Gargaɗi: idan cikin ruwa motar ta mutu, ko ambaliya ta sha kanta a inda aka ajiye ta, kada ka danna maɓallin ko sau ɗaya. Ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa, juyi ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarfen fistin. A ja ta zuwa gareji.

Mai haibirid kuma, wato mota mai aiki da mai da lantarki, ya duba dashbod kafin ya ta da hankalinsa. In kalmar READY ta fito, motar ta tashi, injin ne bai ga dalilin yin ƙara ba.

2. Birki, giya da sitiyari

Taka birkin har ƙasa, ka riƙe, sannan ka danna. Idan ya yi tauri kamar dutse, ba lalacewa ya yi ba: an yi ta taka shi ne inji yana kashe, ƙarfin iskar da ke sauƙaƙa shi ya ƙare, ko ya zurare cikin dare. Sa ƙarfin ƙafa fiye da yadda ka saba. Da yawa daga cikin masu kiran makanike da asuba, wannan kaɗai ne ciwonsu. Duba kuma ko tabarmar ƙasa ta naɗe ta shige ƙarƙashin fedal. Mai giyar hannu, kuloci ne zai taka har ya taɓa ƙasa.

Tura sandar giya gaba sosai cikin P ka sake gwadawa. Ta ƙi, danna maɓalli sau biyu ba tare da birki ba don dashbod ya kawo, ja birkin hannu, taka birki, mayar da giya N, ka danna. Motar da ta tashi a N ta ƙi tashi a P, makunnin da ke gaya wa kwamfuta matsayin giya ne ya fara gajiya, ko wayar sandar ta saki. Kalli harafin da dashbod yake nunawa: sanda tana P amma allo yana nuna R ko ba ya nuna komai, ka kama ɓarawon.

Sitiyari yakan ƙi saki idan an kashe mota taya tana tokare da dakali ko an murɗe ta har ƙarshe. Riƙe shi da hannun hagu kana jijjiga shi dama da hagu a hankali, kana danna maɓalli da ɗayan hannun. Ba da ƙarfin tsiya ba. Nissan Altima da Maxima na 2009 da 2010 sun yi suna wajen mutuwar na'urar kulle sitiyarin baki ɗaya, in irinsu ce gare ka kuma jijjiga ba ta yi ba, ka ambata wa mai gyara tun farko.

3. Rimot

Nan ne ya fi dacewa a daɗe, don nan ake yawan yin asarar kuɗi a banza.

Fitar da rimot daga aljihu ko jaka, ka raba shi da waya, da tarin makullai, da duk wani ƙarfe. Zare cajar da ke jikin soket, musamman mai arha, tana iya hana mota jin rimot. Kusa da dogon ƙarfen gidan rediyo ko na talabijin, ko tashar wutar lantarki, shi ma yana kawo haka. Danna kowane maɓalli na rimot ɗin sau ɗaya, domin wasu na Toyota suna shiga barcin tanadin batir idan an danne kulle aka danna buɗewa sau biyu, yara kuma sun iya yin haka ba da sani ba.

Batirin rimot ya mutu ba ya nufin ka kwana a hanya. A cikin rimot akwai ɗan guntu wanda ba ya buƙatar batir, daga jikin mota yake samun wuta idan an kusanto da shi sosai. Yadda ake yi:

A jikin rimot akwai ɗan maƙale, ka ture shi ka zaro siririn makullin ƙarfe, ka buɗe ƙofar direba da shi. Idan ba ka ga rami a hannun ƙofa ba, yana ƙarƙashin wani murfin roba da ake ɓantarewa da makullin. Ƙararrawa tana iya tashi, za ta yi shiru da zarar mota ta gane rimot.

A Toyota da Lexus, taka birki, ɗora gefen rimot mai tambarin kamfani a kan maɓallin, jira ka ji "ƙit", sannan ka danna nan take ƙafarka tana kan birki. Honda da Mazda ma kusan haka ne. A Hyundai da Kia da rimot ɗin kansa za ka danna maɓallin, sai dai wasu tsofaffi suna da ramin saka shi a akwatin tsakiyar kujeru. Altima ta 2007 zuwa 2012 tana da rami a gefen hagu na sitiyari. Ford da Chevrolet sukan ɓoye wurin a akwatin tsakiya ko ƙasan mazaunin kofi. BMW tana da alamar makulli a wuyan sitiyari. Tsofaffin Mercedes kuma maɓallin kansa ake zarewa a saka makulli a murɗa.

In ta tashi ta wannan hanya, batirin rimot ne, ka canza shi a ranar. Saka bakin makullin ƙarfe ko sukudireba a tsagar da ke gefe, murɗa a hankali har ya rabe biyu. Kafin ka cire tsohon, dubi gefen da alamar + take fuskanta, ko ka ɗauki hoto. Karanta lambar da ke jikinsa. Mafi yawa CR2032 ne, irin wanda ke cikin kwamfutar tebur, akwai kuma CR1632, CR2025 da CR2450. Lambar girma take faɗa: 2032 yana nufin faɗin milimita 20 da kaurin 3.2, shi kuwa 2025 kaurinsa 2.5. Za ka iya saka siririn a gurbin mai kauri ya yi aiki yau, gobe a kan gargada ya saki. Sayi daidai lambarka. Masu gyaran agogo da masu kayan kwamfuta suna da shi. Sabo mai kyau yana nuna bolt 3.2 zuwa 3.3 a mita, wanda ya sauka ƙasa da 2.9 ya gama aiki. Na kati mai arha da ya sha rana a tire sau da yawa a gajiye yake zuwa, a auna a gabanka.

Canza batir ba ya goge rajistar rimot. Wanda ya ce sai ka biya kuɗin sake haɗa shi da mota don kawai an canza batir, ka gwada motarka tukuna.

Gargaɗi: kada a bar tsohon batirin a inda yaro zai kai hannu. Haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan, asibiti ake nufa nan take.

In kana da rimot na biyu, gwada shi. Na biyu ya yi, na farko ya ƙi duk da sabon batir, to rimot ɗin ne ya sha ruwa ko faɗuwa.

4. Batirin mota

Waɗannan motoci sun fi masu makulli ƙyamar raunin batir. Rediyo zai yi, fitilu su kawo, amma kwamfuta ta ƙi yarda, har ta yi ƙaryar cewa ba ta ga makulli ba. Don haka "ai fitila tana kawowa" ba hujja ba ce.

Saita mita a bolt 20 na DC, ja a kan +, baƙi a kan −, mota a kashe. Cikakken batir 12.6 ne. 12.2 rabi ya tafi. Ƙasa da 12.0 ya yi sanyi. Bar mitar a jone, wani ya danna maɓalli kana kallo: idan ta faɗo ƙasa da 9.6 lokacin juyi, batirin ba ya ɗaukar nauyi ko da a zaune yana nuna lamba mai kyau. Zafi ne babban abokin gabar batir, shi ya sa wanda ya haura shekara biyu yakan tona asirin kansa a watannin bazara.

Kama kan batir da hannu ka murɗa. In ya juya, ya saki. Farin gari ko kore-kore da ya taru a kai yana tare wuta. Tabbatar mota a kashe take gaba ɗaya, kwance − da farko, sannan +, wanke da ruwan ɗumi da cokali ɗaya na bekin soda, goge da burushi har ƙarfe ya yi haske, mayar da + da farko, − a ƙarshe. Ƙusa ko sukurun da ake dokawa tsakanin kan batir da maɗaurinsa maganin yini ɗaya ne, sabon maɗauri ba tsada. Bayan an mayar da batir, wasu Toyota ba sa tashi a dannawar farko, sai ta biyu, ba matsala ba ce.

Jona batir yana da tsari: jar waya a + na mataccen, ɗaya bakinta a + na mai rai, baƙar waya a − na mai rai, bakinta na ƙarshe a wani ƙarfe marar fenti a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir. Ta da mai rai, bar ta minti 5, sannan ka danna. Cirewa kuma daga na ƙarshe ake farawa a koma baya.

Gargaɗi, kuma a nan ake kashe motoci: kada ka yarda a ɗora batirin aro a ta da mota sannan a zare shi inji yana aiki don a mayar da naka. Kada kuma a cire kan batir wai don a gwada alteneta, na'urar da ke cajin batir. A tsohuwar mota mai kafireto an sha yi an tsira, a wannan kuwa wutar da ke tsalle tana iya ƙona kwamfuta. Haɗa batir biyu da sifanu shi ma ganganci ne. Juya + da − ko na daƙiƙa ɗaya yana ƙona babban fiyus, in an yi rashin sa'a har abin da ke bayansa. Mota mai giyar otomatik kuma ba a ta da ita da turi, a huta da tara matasa.

Ta tashi, auna kuma: 13.5 zuwa 14.7 ake so. In tana nan a 12 da 'yan kai, alteneta ba ya caji, sabon batir ma kwana biyu zai yi ya bi sahun tsohon. A haibirid ƙaramin batirin bolt 12 ake dubawa, a Camry yana cikin but. Wayoyi masu ruwan lemo ba naka ba ne, wutarsu tana kisa.

5. Makunnin birki

Sa wani ya tsaya a baya ka taka birki. Kai kaɗai ne, da dare hasken zai nuna a bango ko jikin motar da ke bayanka. Danja, wato fitilar birki, ba ta kawo ko ɗaya, har da ta tsakiya, to kwamfuta ba ta san kana taka birki ba. Fara da fiyus ɗinta, wanda Toyota ke rubuta wa STOP. Yana da kyau, leƙa saman fedal da tocila, za ka ga ɗan makunni mai soket. Tura soket ɗin ya zauna. Canza shi aikin minti 15 ne, kuma yana cikin kayan da ba su da tsada. A 2013 Hyundai da Kia sun kira motoci fiye da miliyan ɗaya a Amurka saboda wannan makunni, kuma ƙin tashi da maɓalli yana cikin alamomin, irin waɗannan motoci kuwa da yawa sun shigo ƙasar nan.

Ka ga ɓaraguzan roba a kan tabarma ƙarƙashin fedal, danja kuma tana ci ko ba a taka ba? 'Yar robar da ke danne makunnin ce ta ruɓe, ita ta shanye maka batir cikin dare.

Toyota tana da hanyar gaggawa: birkin hannu, giya a P, danna sau ɗaya ba birki, sannan taka birki da ƙarfi ka danne maɓallin kimanin daƙiƙa 15. In ta tashi, makunnin birki ne babban abin zargi. Sandar giya tana iya ƙin barin P, sai an ɓantare ɗan murfin da ke gefenta an danna abin da ke ciki. Ka tuna ba ka da danja, gareji mafi kusa kawai za ka, da rana, a hankali.

6. Fiyus da rile

Akwati ɗaya yana ƙarƙashin bonet, ɗaya a ƙasan dashbod, taswirarsu tana bayan murfi. A Toyota nemi AM2, IGN, EFI, ST da STOP. Zaro ɗaya-ɗaya, ɗaga shi a haske, ka mayar kafin ka zaro na gaba. Launi yana faɗar ƙarfi: ruwan ƙasa 7.5, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Mayar da irin wanda ka cire. Ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ke taɓa jiki, sau da yawa aikin ɓera ne. Kada a ƙara masa girma, kada a naɗa masa zaren waya, haka gobara take farawa.

Rilen kik kuma, wato ɗan makunnin da ke kunna na'urar da ke juya inji ya tashi, ana gwada shi da musanya: samu wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, kamar na hon, ka sauya musu wuri. Ta tashi, ka sayi sabo.

7. Kik

Batir ya ci jarrabawa, ka ji "kas" ɗaya, mita ba ta wani faɗi ba: kik ne, ko wayar da ke kai masa wuta. Kafin a kwance shi, ɗauki baƙar wayar jona batir ka haɗa − na batir da ƙarfen inji, ka danna. In ta tashi, wayar da ke haɗa − na batir da jikin mota da inji ce ta yi tsatsa ko ta saki, kik ba shi da laifi. Ba ta tashi ba, wani ya danna kai kana ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar katako, giya a P, birkin hannu a ja, hannu da riga nesa da fanka da bel. A hankali, akwai maganaɗisu a ciki da ke fashewa. In ya amsa, kwanansa ya ƙare, yau ko gobe zai sake. Sau da yawa burushinsa ko tagullar da ke cikin kansa kawai ɗan rewaya zai canza, ka tambayi wannan kafin a ce maka sai sabo.

8. Tana juyawa, ba ta kamawa

Kada ka yi ta dannawa. Ba kik hutun rabin minti tsakanin gwaji, bayan uku ko huɗu ka tsaya. Duba mai, kuma kada ka amince da allurar da ka san tana ƙarya. A Honda da wasu da yawa, in ka danna sau biyu ba birki za ka ji gurnanin famfon mai na daƙiƙa biyu daga wajen kujerar baya. Toyota da dama ba sa kunna famfo sai inji yana juyawa, saboda haka shirunsa ba shaida ba ce a kansu.

Tambayar da ake mantawa: an taɓa saka wa motar tiraka ko sikiriti, wato na'urar bin sawu ko ta hana sata? Masu sakawa suna yanke wayar famfon mai ko ta kik ne su ratsa da nasu rile. Haɗin ya saki, ko an cire batir na'urar ta kulle kanta, mota ba za ta tashi ba, kuma ba wata alama da za ta fito a dashbod. Kira wanda ya saka. In hannu na biyu ka saya, ɗan rewaya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya nemi wayoyin da aka naɗe da baƙin tef.

9. Sikana, da maganar kuɗi

An zo nan ba a gano ba, lokacin sikana ya yi, na'urar da ke karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota. Soket ɗinta mai baki 16 yana ƙasan dashbod ta gefen direba. Ɗauki hoton lambobin kafin a goge su. P0562 raunin wuta ne, P0504 makunnin birki, P0705 makunnin giya, P0335 da P0340 na'urorin da ke lura da juyin inji, B2799 a Toyota rashin fahimtar juna ne tsakanin kwamfutar inji da tsarin hana sata. Ƙaramar sikana mai arha lambobin inji kawai take gani, matsalar rimot da kulle sitiyari sai babba.

Farashi yana bin dala, amma jerinsa ba ya canzawa. Batirin rimot da fiyus su ne a ƙasa, sai rile da makunnin birki, sai gyaran kik, sai batirin mota, sai sabon rimot da rajistarsa. A can sama akwai na'urar kulle sitiyari da kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos. Wanda ya fara da "birenbos ɗinka ya ƙone" bai auna batir ba, bai jona sikana ba, ka nemi wani ya duba. Kada a yanke waya ko ɗaya sai an nuna maka dalili a mita. Za ka sayo kaya a kasuwar kayan gyara, irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, tafi da tsohon a hannu, a gwada lamba da soket.

Wajen sayen rimot, kamannin waje ba ya wadatarwa. Motocin da aka yi don Amurka galibi suna aiki a megahaz 315, na Turai a 433, ɗaya ba ya jin yaren ɗaya. Buɗe naka ka kwafi lambar da ke baya ko cikin murfi, a kawo mai irinta. Rimot na hannu da aka taɓa yi wa rajista a wata Toyota sai an wanke shi da na'ura kafin taka ta karɓe shi, ka tambaya kafin ka biya. Kuma in guda ɗaya ne a hannunka, yi na biyu yanzu: ƙara rimot alhali akwai mai aiki ɗan gajeren aiki ne, amma in duka sun ɓace sai an sake saita tsarin hana sata gaba ɗaya, wasu motocin ma sai an kwance dashbod, kuma mai gyara na kirki zai nemi takardun mota kafin ya taɓa ta.